Sa Hannun Maman Yara

Litinin, 3 ga Maris

An ba ni aikin. Ginin shaguna hawa uku, na kamfanin nan masu sayar da kayan lantarki. Ni da ban taɓa wuce katanga da gidan ƙasa ba. Da manajansu ya miƙo mini hannu sai da na goge tafina a jikin wando tukuna.

Murnar ba ta raka ni bakin ƙofa ba. Ya ce kafin a ƙulla yarjejeniya sai na kawo abu biyu: inshorar ginin da ma'aikata, da kuma takardar lamuni daga kamfanin inshora, wadda za ta tsaya mini cewa zan gama aikin. Kafin ƙarshen wata. In ban kawo ba, su ba wanda ya zo na biyu.

Na ce, "Ba matsala, ranka ya daɗe." Ko inda ake samun ta ban sani ba.

A gida na gaya wa maman yara an ba ni aikin. Sauran ban faɗa ba.

Laraba, 5 ga Maris

Ofishin inshora. Sanyi kamar cikin firji, ga kujeru masu santsi, ina zaune ina zamewa. Wata mata mai tabarau ce ta karɓe ni. Ba ta da hayaniya, amma ba ta kewaye-kewaye.

"Inshora daban, lamuni daban, Malam. Inshora, in katako ya faɗo wa lebura ko wuta ta kama, mu za mu biya, magana ta ƙare. Lamuni kuwa, in ka kasa gama ginin, mu biya masu gini su kawo wani ya ƙarasa. Sannan mu juyo kanka."

"Ku juyo kaina ku yi me?"

"Mu karɓi abin da muka biya."

Saboda haka suna son jingina. Na ce ina da tifa da injin kwaɓa siminti. Ta ce ba su kai ba. Na ce akwai gida. Ta ce gida ya kai, sunan wa ke jikin takardar? Na ce sunanmu mu biyu, don filin na maman yara ne, gadon mahaifinta, ni ginin na ɗora.

"To sai ta zo ta sa hannu ita ma. Da kanta, a gabana."

Na fito na kasa tuna inda na ajiye mota.

Alhamis, 6 ga Maris

Ban gaya mata ba.

Asabar, 8 ga Maris

Na je wajen Yaya, ko zai ba da takardar shagonsa a yi jingina da ita. Na same shi yana wanke mota. Bai ma ajiye soson ba.

"Kai da in na ara maka tsani sai na bi ka da waya?"

Ya yi dariya, ni ma na yi, amma amsar ke nan. Ya ce in je in yi magana da matata kamar kowane magidanci. Shi da sauƙin faɗa.

A hanyar dawowa na biya ta filin da za a yi ginin. Ciyawa ce kawai da wata tsohuwar taya. Na zagaya shi da ƙafa, ina aza ginshiƙai a kaina. Na koma mota, na sake fitowa na ƙara zagayawa. Mai gadin maƙwabta ya fara kallona.

Lahadi, 9 ga Maris

Na faɗa mata. Tana gugar kayan makarantar yara. Na yi ta kewaye-kewaye, cewa ƙa'ida ce kawai, kowa haka yake yi, sa hannu ne ba wani abu ba. Ta tsayar da dutsen gugar a kan gindinsa.

"Wato in ka makara, ko siminti ya tashi, ko masu ginin suka yi maka wasa da biya, gidan nan ne zai tafi?"

"Ba zan kasa ba."

"Ban ce za ka kasa ba, baban yara. Tambaya na yi."

Na ce e, haka ne a rubuce, amma.

"Matar Yaya ta kira ni tun jiya," in ji ta. "Ina jira ne in ga ranar da zan ji daga bakinka."

Ta ci gaba da guga. Ta ce za ta yi tunani. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Talata, 11 ga Maris

Ba ta sake tayar da maganar ba. Ni ma. Muna ta "ina kwana" da "a dawo lafiya" kamar 'yan haya. Manajan kamfani ya kira, na ce ana kan aiki.

Abinci ba ya shiga. Shayi kawai.

Juma'a, 14 ga Maris

Bari in rubuta abin da ya faru yau.

Ƙaramin aikin da muke yi bayan gidan burodi, sito ne kawai, ɗaki biyu. Muna haƙa harsashi, diga ta sami wani tsohon bututun ruwa da babu shi a kowane zane. Kafin a gano inda ake rufe shi, ruwa ya cika ramin ya jiƙa ƙasar da ke ƙarƙashin katangar mai burodi. Ina tsaye ina waya na ga katangar ta sunkuyo a hankali, kamar mai neman abu a ƙasa, sannan ta zube a kan janaretonsa da rabin raminmu.

Wani lebura ya fito daga wannan ramin ke nan don ya sha ruwa. Kofin na hannunsa lokacin da bulo ya rufe inda yake tsaye.

Gajere, fomanina, ya zauna a kan buhun siminti ya riƙe kai. Mai burodi ya fito da gari har gwiwar hannu, bai yi zagi ba, tambaya ɗaya ya yi: "Kuna da inshora?" Na ce zan gyara masa komai. Ya ce ba abin da ya tambaya ke nan ba.

Ba mu da ita. Ƙaramin aiki ne, wa ke yi wa sito inshora? Katanga da janareto duk daga aljihuna.

Na bincika ta ko'ina in ga wanda ya yi sakaci, ko ni ko Gajere ko mai diga. Babu. Shi ne abin da ya fi damuna.

Asabar, 15 ga Maris

Maman yara ta zo wajen aikin. Daga kantin maganin da take aiki ta wuto, da farar rigarta a hannu. Tunda muka yi aure ba ta taɓa taka inda nake gini ba, ni ma ban taɓa gayyatarta ba. Ta tsaya bakin ramin, takalminta na nutsewa a laka. Gajere ya rasa inda zai sa kansa, har ya share mata bulo ta zauna. Ba ta zauna ba.

"Wa ke cikin ramin jiya?" ta tambaye shi. Ya nuna mata leburan. Ta je ta gaishe shi, ta tambayi iyalinsa. Ashe yana da 'ya'ya uku. Ni ban sani ba.

Da za ta tafi ta ce, "Ranar Litinin ka kai ni wajen matar nan."

Na ji daɗi. Na ɗauka ta yarda.

Litinin, 17 ga Maris

Ba ta sa hannu ba.

Ta zauna gaban mai tabarau tana jero tambayoyi, wasu ko ni ban yi tunaninsu ba. In na yi rashin lafiya fa? In masu ginin ne suka saɓa? In abu irin na ranar Juma'a ya faru a hawa na uku? Matar ta amsa mata ɗaya bayan ɗaya, ba ta ɓoye komai ba. Wani inshora za ta ɗauka, wani sai kotu, wani kuwa gidan ne. Sai maman yara ta tura alƙalamin gefe a hankali.

"Ku yi haƙuri. Ɗakin da yarana ke kwana ba zai shiga cikin wannan ba."

A gaban mutane.

Mai tabarau ta ce akwai wata hanya: in haɗa gwiwa da kamfanin da ya fi nawa ƙarfi, mai injuna da tarihin manyan ayyuka, a ba mu lamunin tare. Na ce na ji. Na tashi.

A mota na faɗi maganganu. Cewa ba ta yarda da ni ba. Cewa shekarun da na yi ina gina wa mutane katanga ba su dame ta ba. Ta bar ni na gama.

"Na yarda da kai," in ji ta. "Bututun da ke ƙarƙashin ƙasa ne ban yarda da shi ba."

Na sauke ta, na yi ta yawo a gari har mai ya kusa ƙarewa.

Laraba, 19 ga Maris

Na gwada banki biyu. Amsa iri ɗaya, murmushin ne ya bambanta.

Alhamis, 20 ga Maris

Gajere ne ya jiyo: wanda ya zo na biyu a neman kwangilar, Tsoho ne. Maigidana na da. A wajensa na koyi riƙe cokalin gini, a wajensa na zama foman, daga wajensa na fita na kafa nawa. Ranar da zan tafi cewa kawai ya yi, "Je ka gwada." Tun daga nan nake son ranar da zai ga allon sunana a jikin babban gini.

To yanzu ko in bar masa aikin duka, ko in je in roƙe shi rabi. Wanne ya fi ɗaci?

Gajere ya ce, "Oga, rabin hawa uku ai ya fi sito." Na ce ya je ya duba masu bulo.

Lahadi, 23 ga Maris

Na wanke tifa da kaina. Na gyara famfon kicin da ba abin da ya same shi. Auta ta tambayi mamanta ko Baba ba shi da lafiya.

Talata, 25 ga Maris

Na je.

Harabar tana nan yadda na san ta, rodi a jere, warin baƙin mai, injunan haƙa biyu sababbi. Ya bar ni a benci tare da masu neman aikin yini sai da ƙafata ta yi tsami. Da na shiga bai ɗago ba.

"Sauri. Har yanzu kana tafiya kamar ana bin ka?"

Sunan da ya laƙa mini ke nan tun ina yaronsa. Na durƙusa na gaishe shi, gwiwar ce ta yi da kanta. Na yi bayani. Ashe ya san komai, har da katangar mai burodi.

"Farashin da ka sa ya yi kyau," ya ce. "Na duba. Da ni ne ma haka zan sa, in da ina da ƙuruciyar tsayuwa a rana."

Sharuɗɗansa: kamfaninsa ya tsaya da injunansa, ni in sa tifa da injina. Ni zan riƙe wajen aiki. Injiniyansa zai duba kowane hawa kafin a zuba kankare. Kowane lebura sai an sa shi a inshora, ko na yini ɗaya ne. Riba a raba. Sunansa a sama a jikin allo.

Na ce, "Baba, ni fa na ci kwangilar."

"Kai ka ci. Ni zan tsaya maka. Wanda ya tsaya ai shi ake fara gani."

Da zan fita ya ce, "Wa ya hana ka jinginar da gidan?" Na gaya masa. Ya gyaɗa kai. "Ka gaishe ta."

Ban isar da gaisuwar ba tukuna.

Juma'a, 28 ga Maris

An sa hannu. Ni da Tsoho da mai tabarau, daga nan muka wuce wajen manaja. Takardar gidan tana cikin durowa inda take, ba wanda ya taɓa ta.

Na gaya wa maman yara a tsaye, ina cire takalmi. Na jira ta ce ai ta faɗa. Cewa ta yi, "Allah ya sa albarka. Ka ci abinci?" Na ci. Har na ƙara.

Laraba, 2 ga Afrilu

An kafa allon. Sunana a ƙasa, haruffan ma sun fi ƙanana, na auna da ido. Na tsaya ina kallonsa har direban tifa ya yi mini hon.

Litinin, 14 ga Afrilu

An fara haƙa. Kafin diga ta taɓa ƙasa na sa an kawo mai na'urar gano bututu ya bi filin kaf. Injiniyan Tsoho yaro ne mai yawan magana, amma ya san rodi. Mun yi musu a kan zurfin harsashi, shi ya yi gaskiya, ban gaya masa ba.

Da yamma wani ya tare ni a bakin aiki, yana son a gina masa wajen ajiye kaya a bayan gari. Aiki mai kyau. Shi ma da sharuɗɗansa, shafi huɗu, lamuni da sauransu. Yana so in ba shi amsa nan take. Bakina har ya buɗe zai ce ba matsala. Sai na ji na ce masa sai jibi.

Takardun na shigo da su gida. Na ajiye su a kan teburin da ke gefen maman yara, kusa da tabarau ɗin karatunta.

Ba wai shawara nake nema ba. Teburin ne ya fi kusa da ƙofa.