Kwanon da Na Yaba a Zaman Makokinki

Zuwa ga uwargidana, Hajiya Asabe.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da ke cewa gida lafiya, Gumel lafiya, jikokinki na Sule Tankarkar suna ta girma. Ni ma lafiya ta ƙi rabuwa da ni, kuma yanzu za ki ji dalili.

Hajiya, zamani ya zo da abin alheri bayan tafiyarki. Karin kumallo ne wanda ba ruwansa da murhu, ba hayaƙi, ba kankare tukunya. A ɗauko kwanon tangaran, a zuba yogot mai sanyi daga firiji, a yanka ayaba a kai, a ƙara kankana 'yan gutsi-gutsi, a cire wa dabino ƙwallo a yayyaga shi, a barbaɗa gyaɗa da riɗi, a ɗiga zuma. Minti biyar an gama. Ga kyan gani kamar sabuwar atamfa. An ce yana gyara ciki, yana gyara fata. Da za ki ga fatata yanzu, ina ɗan shekara sittin da uku, sheƙi nake kamar bajimin da aka goge ranar kasuwa. Wata goma sha ɗaya ke nan ina shan sa kowace safiya. Ban taɓa son sa ba.

Bari in gaya miki yadda na faɗa.

Da aka kai ki, kwana biyu ban sa komai a bakina ba. Ana shigo da tuwo, ana fita da shi. Rana ta uku da hantsi, zaure cike da masu ta'aziyya, sai matar yaron nan, ɗanmu na fari, ta aiko da wannan kwano. Maƙogwarona a bushe yake, abin kuma da sanyi, sai ya wuce. Na shanye tas. Kin san shekara talatin ina dillancin shanu a karar Maigatari, bakina ya saba, ko saniyar da haƙarƙarinta ke waje aka kawo sai na samo abin yabo a jikinta. Na ɗaga kwanon a gaban liman da mai unguwa da kowa, na ce tunda uwata ta haife ni ban taɓa cin abu mai daɗin wannan ba.

Kin sha ce mini, dillali, wata rana bakinka zai sayar da kai. Ya sayar, Hajiya, ko tayi ba a yi ba.

Maganar ta shiga cikin gida kafin in ajiye cokali. Aka ce da yarinyar ita ce ta ta da Baba. Tun daga ranar, kafin ta tafi makarantar da take koyarwa, sai na ji ƙarar wuƙa a kan faranti. Can sai sallamarta a bakin ƙofa, ta durƙusa, ta ajiye, kanta a ƙasa, ta juya. Ni kuma in ce Allah ya yi albarka, ina kallon bango. Iyakar maganar da ke tsakaninmu ke nan, kuma haka ya kamata. Suruki ba ya kiran matar ɗansa ya zauna yana mata lissafin abin da cikinsa ke so.

Da kina nan, da wannan ba magana ba ce. In gishiri ya yi yawa a miya, gyaran murya kawai nake, ke kin ji. Ki bari sai kuna tsinke zogale ke da ita, ki sako zancen a kaikaice kamar naki ne, gobe miya ta daidaita, ba wanda ya ji kunya. Ban san aiki kike yi ba sai da kika ajiye shi. Ashe duk faɗin bakina a kasuwa, a gidana da bakinki nake magana.

Kada ki ce ban yi dabara ba. Na fara da rage kaɗan a gindin kwano. Ta ɗauka ayabar ce ba ta nuna ba, washegari ta koma gwanda. Na rage gwandar, ta kawo mangwaro. Yarinyar nan ba ta zargin kwanon, kanta take zargi. Da na ga ta fara aika a nemo mata kayan marmari har Gagarawa wajen iyayenta, sai na koma shanyewa.

Na bi ta wajen yaron nan. Kin san ni da shi, har yau bakina bai taɓa kama sunansa ba, shi ma bai taɓa haɗa ido da ni ba. Muna dawowa daga masallaci na ce masa, cikin hikima, jikin tsufa ba ya son sanyi da safe. Ya ce to. Da yamma sai ga shi da bargo sabo fil, da safa.

'Yarmu ta Sule Tankarkar kuwa, kin fi ni sanin bakinta, nawa ta gado. In na faɗa mata da safe, kafin la'asar zancen ya zama Baba ya ce matar Yaya ba ta iya girki ba. Ban shirya raba zumunci a kan ayaba ba.

Sai na kama azumin Litinin da Alhamis, ina cewa ko kwana biyu a mako na huta. Alhamis kuwa ita ce ranar kara. Na wuni a rana ina rarrashin mai saye, ina rarrashin mai sayarwa, miyau ya ƙafe, na dawo gida ina ganin bibbiyu. Ana kiran magariba, me zan gani a kan tabarma? Kwanon, an ƙara masa dabino saboda buɗe-baki. Yanzu liman yana ba da misali da ni a gaban matasa, wai ku dubi Alhaji yadda ya koma ga Allah bayan rasuwar iyalinsa. Azumin ma ya zama ba na iya ajiyewa. Allah ya karɓa, ya yafe mini niyyar farko.

Akwai mai koko a bakin tasha, kin san ta. Wata safiya ƙafata ta kai ni har gaban rumfarta. Ƙosai yana tashi a mai, tururin koko yana dukan fuskata, ƙamshin citta da kanumfari irin naki. Na sa hannu a aljihu. Sai na lura da idanun masu babur a kaina. Dattijo mai suruka a gida, a gan shi a tsaye yana karyawa a tasha? Kafin in kai gida an ce matar ɗan Alhaji tana barin sa da yunwa. Abin da zai hau kanta ke nan, ita da ba ta taɓa fashi ba ko ranar da zazzaɓi ya kama ta. Na gaisa da mai koko, na tambayi yaranta, na wuce.

Watan jiya ta tafi biki Gagarawa, kwana biyu, tare da mijinta. Na ce yau dai gidana ya dawo hannuna. Da na buɗe firijin, ga yogot a roba biyu, ga kankana an yanka an rufe, ga gyaɗa da riɗi a ƙulle daban-daban, ga 'yar takarda da rubutunta mai kyau irin na malamai: na farko kaza, na biyu kaza, Baba kada a manta da zuma. In na bari, za ta dawo ta gani. In na zuba wa awaki, Allah ya gani.

Na shiga madafarki, Hajiya. Rabona da ita tun kina ciki. Na ɗauki wuƙarki mai ƙotar icen nan da ta ɗan tsage, na ɓare ayaba, na yanka ta karkace-karkace. Ga tukunyar kokonki a kife a kan rumfa, ga mataci a rataye inda kika bar shi. Ban san yadda ake jiƙa gero ba, ban san yadda ake tace gasara ba. Shekara talatin da biyar ina shan abu da zafinsa, ban taɓa tambayar ƙarfe nawa kike tashi ba. Na bi takardar yarinyar ɗaya bayan ɗaya, na zuba, na barbaɗa, ban manta da zuma ba. Na zauna a kan kujerarki 'yar tsugunne na sha. Minti biyar ne haɗin, kamar yadda aka ce. Tashi daga kujerar ne ya ɗauke ni har hantsi.

To, ga abin da ya sa na rubuto. Kin san dillali ba ya faɗa wa mai kaya aibin kayansa ido da ido, sai ya sami na tsakiya. Ni ba ni da na tsakiya sai ke. Wannan wasiƙa a shafina na sada zumunta a waya zan sa ta, inda nake sa hotunan shanu, kuma na lura duk abin da na sa, yarinyar nan ce ta farkon danna masa alamar so. Ni dai ban ce da kowa komai ba. Da matata nake magana, kuma ba a hana mutum magana da matarsa.

Ki faɗa mata yadda kika saba, a hankali, kamar zancen naki ne. Ki ce ranar nan ta uku, kwanonta ne ya wuce maƙogwarona lokacin da komai ya ƙi, wannan ba yabon kasuwa ba ne. Ki ce ban taɓa jin ƙarar wuƙarta da safe ban sa mata albarka a zuci ba. Ki ce laifin na bakina ne. Sannan, in kin ga fuskarta ta saki, ki ce tsohon nan yana marmarin koko mai zafi da ƙosai, ko sau biyu ne a mako. In kin ga idonta ya kawo ruwa, ki bar zancen, zan ci gaba da sha.

Allah ya haskaka makwancinki, Asabe. Ya shayar da ke abin da ba a gajiya da shi. Ya saka miki tashin asubar da ban taɓa gode miki ba, ya ba yarinyar nan 'ya'yan da za su yi mata fiye da yadda take mini, ya haɗa mu inda ba a bukatar ɗan aike.

Naki har kullum, mijinki dillali.

Af, na manta. An ce mini yarinyar ba ta taɓa dama koko ba. In ya zo gobe, ya kuma zo tsararo, ta durƙusa tana jiran abin da zan ce, in yaba ko in yi shiru?