Ranar da Na Yi Wa Baƙi Tafi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga 'yata, autata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da jikata sarauniyar rigima, wadda har yau ba ta yarda ta gaishe ni a waya sai an lallashe ta. Allah ya yi muku albarka, ya dafa miki a aikinki na jinya, ya sa waɗanda kike dubawa su koma gidajensu da ƙafafunsu. Mu nan sai godiya. Gwaggonki tana fama da gwiwarta, amma bakinta lafiya lau, don jiya ma ta wanke ni tas a kan wai na rame. Yayanki yana kan hanya da babbar motarsa kamar kullum. Yakan bugo daga gidan mai ya tambaye ni lafiya, kafin in gama amsawa ya ce ana kiransa. Gida kuwa tun rasuwar mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta, agogunan bango ne kawai ke magana a cikinsa.

Auta, akwai maganar da na ɓoye miki wata takwas ke nan, kuma a kan idanuna ce. Sau uku ina ɗaukar waya da niyyar faɗa miki, da na ji muryarki sai in koma tambayar ko ana ruwa a wajenku. Kin san halina, ban iya shiga magana ta ƙofar gaba ba. Saboda haka ki yi haƙuri ki bar ni in bi ta hanyar da na saba, wato ta ƙwallon kwando, don ranar Asabar da ta wuce aka buɗe kakar wasa, kuma a can asirina ya tonu.

Kin tuna layinmu, can sama ta hannun hagu, kusa da ginshiƙin da fentinsa ya ɓare. Tun kina shekara bakwai kike zama a damana, ƙafafunki ba su kai ƙasa ba, kina gyara wa alƙalin wasa hukunci da muryar da ta fi usur ɗinsa kaifi. To layin nan ya watse. Mai Ganga da ke zama bayanmu yana kashe mana kunne ya koma wurin ɗansa a wani gari. Malamin makarantar nan mai gardama, wanda bai taɓa yarda an yi canjin 'yan wasa daidai ba tun da na san shi, Allah ya yi masa rasuwa a lokacin hutun kakar wasa, sai bayan sati biyu na ji. Kujerarki ma bana an ba wasu. Ni kaɗai na rage a cikin tsofaffin, kuma ban san haka ba sai da na je.

Ranar na rufe shagona na gyaran agogo da wuri, na saka tsohuwar rigata rawaya, wadda mahaifiyarki ta yi wa faci a hammata tana mita wai ko tsumman goge takalmi ya fi ta daraja. Na je tashar bas da sauran lokaci mai yawa. Bas biyu suka zo suka wuce ina tsaye, don ban iya karanta lambar da ke goshinsu ba, kuma girman kai ya hana ni tambayar mutanen da ke gefena. Na ukun ma muryar kwandasta ce ta cece ni. Ko da na isa an riga an busa usur an fara. Na hau matakala ina dafa ƙarfe, ƙafata ce ta kai ni kujerata don ta fi idona sanin hanya. Na zauna ina haki, na dubi fili. Abin da nake gani shi ne haske mai hazo, da wasu dogayen inuwoyi suna kai da kawowa, rabinsu rawaya, rabinsu masu duhu. Na ce a raina wannan ya ishe ni, ai shekara talatin yaranmu rawaya suke sakawa a gida.

Ban gama gyara zama ba sai ga masu rawaya sun kwaso ƙwallo da gudu, na ji ragar ta yi wannan ƙarar mai daɗi da kika sani. Na miƙe tsaye na ɗaga hannu biyu na kurma ihu. Suka sake jefawa, na sake miƙewa. Na uku daga nesa aka sako shi, na maki uku, har na buga ƙafa na ce bana kam an dawo da martabar gida. Abin da ya ba ni haushi shi ne duk ɓangarenmu tsit, kamar ana zaman makoki. Na juya na fara yi wa mutane faɗa, Auta. Na ce wane irin magoya baya ne ku, yara suna zuba aiki kun dunƙule kuna latsa waya, in barci kuke ji me ya fito da ku daga gida. Na ce a zamaninmu da rufin nan ya tsage. Na ji wani ya yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, wani ya yi tsaki, na ɗauka kunya ce ta kama su. Sau shida masu rawaya suka jefa, sau shida na miƙe ni kaɗai ina tafi har tafin hannuna ya yi zafi.

Can sai ɗaya daga masu duhun riga ya samu ya tura ƙwallo cikin kwando da ƙyar, bayan ta yi ta rawa a bakin ƙarfe. Filin nan gaba ɗaya ya ɗauki sowa, har benci yana girgiza a ƙarƙashina. Ni kuwa na buɗe baki zan yi tsaki, sai tsakin ya maƙale. Matar da ke zaune a kujerarki, wata mai kamar shekarunki da ta zo da mijinta, ta sunkuyo ta faɗa mini a hankali, yadda ba wanda zai ji, cewa bana ƙungiyarmu ta canza riga zuwa shuɗi mai duhu, masu rawayan nan baƙi ne, kuma sun ci sha uku kafin mu ci ko ɗaya. Ta ce tun ɗazu take son ta gaya mini, amma ta ga yadda nake murna sai ta kasa. Ta tambaye ni ko ina iya hango allon maki. Na ce mata tabarauna na manta a gida, alhali yana kan hancina. Baiwar Allah, daga nan duk bayan ɗan lokaci takan faɗi makin da ƙarfi kamar da mijinta take.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na zauna cikin rigata rawaya a tsakiyar mutanen gida, tsoho ɗaya tilo sanye da launin abokan hamayya, wanda ya gama zagin 'yan uwansa a kan sun ƙi yi wa baƙi tafi. Na so in tashi in tafi, amma na san ba zan iya sauka matakalar nan ba mutane suna kallona ina laluben ƙarfe, don haka na zauna har ƙarshe.

Wasan kuwa kada ki tambaya. Ban gan shi sosai ba amma na ji shi, kuma kunnena bai ji daɗi ba. An ba mu kashi da tazarar maki talatin da ɗaya, a gidanmu, a ranar farko, bayan an shafe wata uku ana cika mana baki a rediyo wai an kawo sababbin hannu. Dogon nan da aka yi ta yayatawa, wanda aka ce sai ya sunkuya yake shiga ƙofa, jifan kyauta takwas aka ba shi, na ƙirga ƙarar ƙarfe sau shida. Ni da nake ganin hazo, da an miƙo mini ƙwallon da na fi shi. Tsaron gida kuwa kamar an buɗe wa baƙi ƙofar falo an ce su shigo su sha ruwa. Koci ya nemi hutu sau biyu a kashi na uku, ban san me yake gaya musu ba, don duk lokacin da suka dawo sai abin ya ƙara lalacewa. Kuma wane mai hankali ne yake canza rigar da mutane suka sani shekara talatin? Wa ya nemi shawararmu? Na yi ta wannan faɗan a zuciyata, amma ko a lokacin na san ba da koci nake fushi ba.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne dawowa. Kin tuna yadda muke takowa a ƙasa in an ci mu, ki ce laifin masu tsaro ne, in ce na koci ne, mu iso gida ba mu shirya ba, mahaifiyarki ta ce in dai a kan ƙwallo ne kada wanda ya shigo mata ɗaki da shi. Ranar na jira sai da layin ya watse sannan na sauko a hankali. Na iso gida da sauran hasken yamma, na buɗe ƙofa, na tsaya a tsakiyar falo da bakina cike da magana, babu wanda zan gaya wa. Abin dariya ne ya same ni, irin wanda da kina nan da kin yi shekara kina tsokanata da shi, amma ba ni da wanda zai yi mini dariyar. Na dafa shayi na bar shi ya huce. Kaɗaici ya dame ni ranar, Auta, ba zan ɓoye miki ba.

To ga gaskiyar maganar. Tun farkon shekara na fara ganin abubuwa kamar ta bayan gilashin da aka hura wa numfashi. Ni da nake kama ƙusar agogo da hantsaki ba tare da na duba sau biyu ba, yanzu in ta faɗi a kan tebur sai in shafa da yatsa, in ta faɗi ƙasa kuwa ta tafi ke nan. Madubin da nake maƙalawa a ido yana ƙara wa abu girma, amma hazon ma girma yake ƙarawa. Canza batir da ɗaura sabuwar igiya kawai nake yi yanzu, su hannu ya haddace. Duk wanda ya kawo agogon kirki sai in ce masa babu kayan gyaransa. Wani tsohon abokin ciniki ya kawo na mahaifinsa, agogon da ni na gyara shi sau biyu a baya, na riƙe shi sati uku a aljihun tebur sannan na mayar masa na ce ya mutu. Agogon nan lafiyarsa ƙalau, datti ne kawai, kuma har yau abin yana cina.

Ranar Litinin na kai kaina asibiti. Likita ya haska, ya ce yanar ido ce ta rufe idanun biyu, na dama ya fi tsanani, ya kuma yi mini faɗa kamar ɗansa a kan me na zauna har ta kai haka. Ya ce aiki ne da ake yi kullum, kuma in Allah ya yarda zan koma ganin ƙusoshina, amma in na ƙara ja abin zai yi wuya. Sun sa mini ranar sha huɗu ga watan jibi. Sharaɗinsu shi ne sai da wanda zai kai ni ya dawo da ni, ya zauna da ni kwanaki yana ɗiga mini magani, kuma sai an rubuta sunansa a takarda. Ke ma'aikaciyar jinya ce, kin fi ni sanin wannan. Gwaggonki ba ta iya hawa matakalar gidan nan. Yayanki kuwa in ya ji, zai zo ya rufe shagon ya kwashe ni zuwa gidansa ya ajiye ni a falo gaban talabijin, kuma daga nan ba zan sake riƙe hantsaki ba.

Da ma'aikaciyar asibitin ta tambaye ni sunan wa za ta rubuta, sunanki ne ya fito daga bakina. Ban nemi izininki ba. Na san nisan da ke tsakaninmu, na san ba a ba ku hutu da sauƙi, ga yarinya, ga maigida. Tun da kika tafi ban taɓa ce miki ki zo ba, kullum cewa nake ki zauna ki yi aikinki ni lafiyata ƙalau. Yau ina cewa ki zo, in da hali. In babu hali ki faɗa mini kai tsaye, ba zan riƙe ki a zuciya ba, zan haɗiye girman kaina in kira yayanki.

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, ki ce ina godiya da haƙurin da yake yi da 'yar da na sangarta. Ki shafa mini kan jikata. Ki gai da surukarki da ƙanwar mijinki da ke zaune tare da ku. Gwaggonki tana gaishe ku, haka ma mai ɗinkin da ke maƙwabtaka da shagona, kullum sai ya tambaye ki.

Saura abu ɗaya. In za ki amsa, ki kira ni a waya, kada ki rubuto. Wannan takardar ma da lalube na rubuta ta, ban iya karanta abin da hannuna ya rubuta ba. Wasiƙunki biyu na ƙarshe suna nan a aljihun teburin aikina. Na buɗe su, na kai su bakin taga, na juya su ta kowane gefe, ban iya karanta ko layi ɗaya ba, kuma na ji nauyin in ba wani ya karanta mini maganar 'yata. Da kika tambaye ni a waya ko na gani, na ce na gani, madalla. In akwai wani labari a ciki da kika yi ta jira in taya ki murna ko in yi miki jaje kika ji shiru, ki yafe mini, ban san shi ba har yanzu.

Allah ya sada mu da alheri.

Ni ne,
Babanki.