Ƙwaryar Da Ba Komai A Ciki

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifiyarta, ina fatan kina kwance cikin rahamar Ubangiji. Mu nan Filinge lafiya lau. Gero ya yi kyau bana, wake ne dai bai samu ruwan ƙarshe ba.

Zancen ƙwaryar nan taki ne ya sa na ɗauki alƙalami. A shekarunki na ƙarshe ba kya fita sai kin naɗa gammo kin ɗora ta a ka, ko da ba komai a ciki. Kina tafe wuya a sandare, ba waige. In an gaishe ki a hanya, sai kin ja kin tsaya cak, kin juyo da jiki gaba ɗaya, sannan ki gane mai magana. Wanda bai yi magana ba kuwa, wuce shi kike yi. Mutane suka ce girman kai ya kama ki tun da Yaya ya gina miki ɗakin siminti. Ke dai abin da kike cewa bai wuce, "Garin ga rawa shikai, ɗiyata, ku ne ba ku gani."

Kin tuna Gwaggo Hajo ta Tabla, aminiyarki tun kuna 'yan mata? Wata ranar kasuwar Baleyara kika bi ta gabanta, tana zaune wurin masu awon gero tana miki murmushi, ba ki ko dube ta ba. Ba ta sake taka gidanmu ba. Ta'aziyyarki ma aike ta yi.

To, bara abin ya iso kaina. In ina zaune gaban keken ɗinkina, zare nake zurawa a allura ba wahala. Da na tashi tafiya, sai fuskoki su kama tsalle. A kan kabu-kabu ko allon shago ba na iya karantawa, cikin rairayi kuwa tangaɗi nake yi.

Lokotoro a Yamai ya ce idona lafiya yake. Ya sa na kafa ido a hancinsa, ya kama kaina ya juya da sauri. Idon ya bi kan ya tafi, sannan ya dawo. Ya ce can cikin kunne akwai abin da ke riƙe ido wuri ɗaya in kai ya motsa, nawa ya yi rauni. Na ba shi labarin ƙwaryarki, ya ce ba zai yanke hukunci kan wadda bai gani ba, amma dabara ce mai kyau, don mai kaya a ka ba ya kaɗa kai. Ni kuma ya sa ni in zana harafi a bango, in zuba masa ido ina juya kai, safe da yamma. Jikokinki na cewa kullum ina gardama da bango.

Watan jiya ni ma na wuce Gwaggo Hajo a Baleyara. Sai na ji an jefo min magana daga baya: "Barewa ba ta gudu ɗanta shi yi rarrafe." Muryar na gane. Na tsaya yadda kike tsayawa, na juyo, na zauna kusa da buhunta na zayyana mata komai. Ta daɗe tana wasa da mudu a cikin gero. Can ta ce, "Ashe da na yi magana, da ta tsaya."

Juma'ar da ta wuce ta zo gida. Ta ce a ɗauko mata ƙwaryar, ta wanke ta da hannunta, ta dama fura a ciki ta raba sadaka da sunanki. Ta yi kuka, ni ma na yi. Yanzu in ta hango ni, tun daga nesa take kwaɗa kira, har kunya take ba ni a cikin kasuwa.

Ina kewarki, Inna. Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yafe miki, Ya haɗa ki da Hajo a Aljanna, inda za ki hango ta tun daga nesa ki riga ta gaisuwa.

Taki har kullum,
autarki Zeinabu