Fitilar Daifuku

Litinin, 6 ga Mayu
An tura ɗana Shunpei aiki Sapporo, ya bar mini ɗan ƙadangarensa mai gemu, wai Daifuku. Da tsufana na koma renon ƙadangare! "Mama, don Allah kullum fitilarsa a kunne da rana." Na duba kwalinta, ashe hasken nan na rana mai ƙona fata take fitarwa. Tabɗi! Shekara arba'in ina gudunsa da laima da doguwar safar hannu, yanzu a kawo mini shi har falo? Na kashe. Na ja akwatin gilashinsa bakin taga, ya sha rana ta gaske.

Alhamis, 30 ga Mayu
Daifuku ya bar gyare biyu cikin abincinsa bai ci ba. Iyayi ne.

Talata, 18 ga Yuni
Ƙafafunsa na baya rawa suke, jan ciki yake. Shunpei ya kira: "Yaya mutumina?" Na ce garau. Idan ya mutu a hannuna, da wane ido zan kalli yaron nan?

Laraba, 19 ga Yuni
Asibitin dabbobi. Likita ta taɓa haɓarsa, ta lotsa kamar dafaffen wake. Wai ƙashinsa ne ke laushi, in babu irin hasken fitilar nan jikinsa ba ya gina ƙashi. Na ce ai yana bakin taga. Ta ce gilashi tare shi yake. Ban gaya mata ni da hannuna na manna wa tagar ledar kare fata ba. Ko zai tashi? "Sai mun gani." Na tsani wannan amsar.

Juma'a, 21 ga Yuni
Fitila a kunne. Magani da sirinji. Ga damina, ko ƙyallin rana babu. Na gaya wa Shunpei gaskiya. Sai ya ce: "Ke kin ci abinci, Mama?" Gara ma ya yi faɗa.

Lahadi, 21 ga Yuli
Rana ta fito. Likita ta ce a riƙa fitar da shi kaɗan, sai na zauna baranda da shi a cinya don kar hankaka ya sure shi. Maƙwabciyata Harue ta leƙo: "Fumie! Ke ce a rana ba hula? Duniya ta zo ƙarshe!" Na ce ta ji da shanyarta.

Ya cafke gyare da kansa. Ɗaya tak, amma da kansa.

Hular mantawa kawai na yi. Gobe ma akwai rana, in ji rediyo.