Kifin da Na Ture

Las Palmas, 9 ga Nuwamba

Zuwa ga Tokiko, sanyin idona, furen da ke buɗewa tun ƙanƙara ba ta gama narkewa ba, ruwan ƙoramar Kiso da na ɗebo daga cikin duwatsu na kawo bakin teku na bari a cikin gishiri! Ke ce wadda idona ke nema kafin ya nemi farin kan dutsen Fuji duk ranar da jirginmu ya doshi garinmu Yaizu. Ke ce inuwar da nake tunawa idan rana ta dake ni a kan ruwan da ba shi da bishiya ko ɗaya.

Kin ga na rubuta sunanki. Shekara ashirin da huɗu ina kiranki "ke", kamar mai kiran wani daga ƙetaren titi, sai yau da ba ki kusa bakina ya iya.

Shekaranjiya muka tsaya a nan shan mai, aka raba mana wasiƙu. Na gane rubutunki tun daga nesa, na ɓoye ambulan a cikin riga kamar saurayi, na tafi bayan jirgi inda ba kowa. Me na tarar? Takardar rabuwar aure, da hatiminki ja a ƙasa, da layi uku: "Baban Yuka, na gaji. Yayana ya ce in komo Kiso. Ka buga naka hatimin ka aiko." Layi uku, Tokiko! Wata takwas ina jan mamari mai ƙugiya dubu uku, tafin hannuna ya tsattsage har ba na iya rufe shi, gwiwata na ƙara kamar tsohuwar ƙofa, kuma abin da ya ƙetare rabin duniya ya same ni layi uku ne? Ba zan ɓoye miki ba, na yi fushi. Na ce a raina, ita tana kwana kan tabarma busasshiya, ta san mene ne gajiya? 'Yar da na haifa tana gaishe ni da ladabin da ake yi wa baƙo, kare ma sai ya yi kwana biyu kafin ya daina yi mini haushi, wa na taɓa kai wa ƙara? Kuma ke ma kina da naki. Ba ki taɓa buɗe baki kin ce "wannan ya yi mini zafi" ba. Kin tara, kin tara, kin rufe da murmushi, kika bar ni ina yawo cikin gidana kamar makaho.

Wannan shi ne nawa ɗacin, na faɗa, na huta. Yanzu bari in faɗi gaskiyar da ta fi shi nauyi.

Kin tuna sanyinmu na farko, a ɗakin hayar nan na bayan kasuwar kifi? Kin zo daga garin da ba a cin ɗanyen kifi, Innata kuma ta ɗora miki faranti cike da yankan ɗanyen kifin tuna ja wur, ta zauna tana kallon bakinki. Kin haɗiye don kunya, kika zagaya bayan gida kika amayar. Bayan kwana uku na dawo na tarar kin yanka tunar gunduwa mai kauri, kin shafa mata shoyu, ruwan waken soya mai gishiri, da citta, kin birkita ta a fulawa, a ƙwai, sannan a garin burodi da riɗi. Mai yana ƙara a kasko. Kika ce, "Tsaya nan ka ƙirga mini arba'in, kada ka yi sauri, na san halinka." Na ƙirga, kina dariya saboda na tsallake ashirin da bakwai. Da kika tsame kika yanka, wayyo! Baya launin zuma, yana ƙaras-ƙaras, ciki kuwa ja kamar gabas kafin rana ta leƙo. Kika ajiye tsakaninmu da kabeji da ɗan yajin wasabi, kika ce, "Bayan nawa, cikin naka. Haka za mu zauna." Akwai wata rana a rayuwata da ta kai wannan? Na zaga teku uku, ban ga abin da ya kai fuskarki kyau a cikin tururin nan ba, kumatunki ja saboda wuta, gashinki ɗaure da tsumma.

To, ya aka yi na manta? Yaushe na koma mutumin da ke ganin ba a girmama kifi sai an ci shi ɗanye?

Zuwana na ƙarshe na kawo rabona, tsokar bayan babbar tunar da muka kama a ruwan arewa, kifin da ba mu sami kamarsa ba duk tafiyar. Na gayyato shugaban jirgi da Baba Genzo mai dafa mana abinci, don su ga gidana. Na miƙa miki tsokar ban ce komai ba, don ina ganin ko yaro ya san wuƙa kaɗai take bukata. Sai ga ki da faranti, kin soya ta yadda kika saba, kin jera yankan kamar furanni. Na ga idon shugaba ya sauka kan farantin, na ɗauka raini ne. Na sa bayan hannu na ture shi, na ce, "Ku yi haƙuri, 'yar duwatsu ce. Shekara ashirin da huɗu a bakin teku, har yau ba ta san bambancin tuna da dankali ba." Aka yi dariyar dole. Kika durƙusa, kika sunkuyar da kai har goshinki ya kusa taɓa tabarma, kika ce, "Na yi kuskure," kika ɗauke.

Ranar tashinmu matan kowa suna tsaye a bakin tasha, kowace riƙe da bakin zaren takarda mai launi, mijinta riƙe da ɗaya bakin daga kan jirgi, har jirgi ya ja zaren ya tsinke. Ni na tsaya da nawa a naɗe a hannu, ina leƙen taro. Ba ki zo ba. Ko a lokacin ban gane ba, na ce ai fushin mata ne, zai huce kafin mu kai Singafo. Kaito, wane irin dutse ne a ƙirjina!

Jiya na shiga wurin girki na ce Baba Genzo ya ara mini kasko. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai Masaji, ko ruwan zafi ka taɓa dafawa?" Na ce ya ba ni wuri kawai. Yankan tuna na farko da na soya ya fito toka-toka har tsakiya, busasshe kamar katako. Na biyu garin burodin ya zube a mai ya ƙone, kifin ya fito tsirara. Na uku baya ya yi kyau, ciki kuwa ƙanƙara ce, har haƙorina ya amsa. Tsohon yana zaune kan bokiti yana ta ƙyaƙyata dariya, yana cewa, "Ƙara ɓata mana kifi, ɗan sarki, ai teku ta ubanka ce!" Da ya ga na sake ɗauko wani yankan sai ya bar dariya. Can ya ce, "Ka san wani abu? Ran nan a gidanka miyau ya cika mini baki. Shekara arba'in ina riƙe da kasko, ban taɓa fitar da ja irin na matarka ba. Shugaba ma da muka fito sai da ya ce, wannan wawan ya hana mu cin abinci."

Kin ji, Tokiko? Mutanen da na wulaƙanta ki don in burge su, ashe yunwar girkinki suke ji. Na tsaya da tsinken juyi a hannu, mai yana fallatsar mini a wuyan hannu, ban ji zafinsa ba. Sau nawa kika tsaya gaban wannan wutar, kina auna zafin mai da ido, kina fitar da kifin daga ƙanƙara tun safe don ya saki daidai, ni kuwa ina zaune ina jiran a kawo? Wace irin ƙauna ce ke tsayawa shekara da shekaru a kan ƙafa ba a ce mata sannu ba? Ya ke ruwan bazarata, ya ke tsuntsuwar da ta bar dajinta ta sauka kan dutsen da igiyar ruwa ke duka, me na ba ki a madadin duwatsunki in ban da jira da ƙarnin kifi?

Ga abin da na yi. Na buga hatimin. Takardar tana cikin wannan ambulan, a cike, ba abin da ya rage sai ki kai ofishin gari. Jan ya ɗan goge, amma za su karɓa. Tun da na aure ki ba ki taɓa roƙona komai ba sai wannan, ba kuwa zan riƙe ki da igiya kamar kifi ba. In na ce miki zan bar teku gobe na yi ƙarya, ba ni da wata sana'a, kuma na tsufa da koyon sabuwa. In na ce zan zama mai daɗin baki, kin fi kowa sanin ba haka aka yi ni ba.

Abu ɗaya nake roƙo, kuma kina da ikon ƙi. Za mu shigo Yaizu a tsakiyar Fabrairu. Ki ajiye takardar a aljihun tebur zuwa ranar. Kada ki zo tarya, kada ki dafa komai. Ki zauna a inda nake zama, ni in shiga wurin wuta. Baba Genzo ya yarda zai riƙa ba ni kasko duk ranar da ba a ja mamari ba, yana zagina ina koyo, wataƙila kafin nan hannuna ya faɗa. Zan kawo miki farantin da hannu biyu, in durƙusa inda kika durƙusa. In kin ci, ko kin ture, duk daidai ne, na cancanta. In kuma bayan haka zuciyarki tana Kiso, ni zan ɗauki jakunkunanki zuwa tashar jirgin ƙasa, in tsaya har ya ɓace, ba zan ce miki ki juyo ba.

In na buɗe ƙofa na tarar gidan ya yi sanyi, takalmanki ba sa bakin ƙofa, ba zan bi ki in tayar miki da hankali a gidan yayanki ba. Amma ki sani, ko kina Yaizu ko kina bayan duwatsu, ko da sunana ko ba da shi ba, babu wata mace da za ta zauna a gurbinki har ranar da za a ƙone ƙasusuwana bisa al'adarmu.

Naki, a kan ruwa da kan tudu, muddin ina numfashi,

Masaji