Goyon Gaba

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum. Na san ba za ki karanta wannan ba, amma maganar ta cika min ciki, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai ke.

'Yarki tana nan da rai. Ko ganin ta ba ki yi ba, jini ya tafi da ke kafin a nuna miki ita. Bakwaini ce, tafin hannun mijinki Sadisu ya kusa rufe ta. Kwalaben asibiti duk da jarirai a ciki, sai wata nas ta ce in tuɓe riga. Ni, da furfurata! Ta kwantar min da ita a ƙirji, daga ita sai hula da famfas, ta ɗaure mu da zani. Wai ɗumin jikina ne zai riƙe ta, in ta yi sanyi shi ke nan.

Da muka dawo unguwarmu Kabara mata suka yi min ca. Wa ya taɓa ganin goyo a gaba? Gwaggonki har da kawo kaskon garwashi, na ce ta fitar min da hayaƙinta. A zaune nake barci yanzu. In zan yi salla, Sadisu ne yake cire riga ya karɓe ta, hawaye na zuba. Ƙanwarki Hadiza da take shayarwa tana tatso nata nonon, muna ɗiga mata da cokali. Itacen wankan jegonki yana nan jibge a soro, na kasa cewa a kwashe.

Ke ce 'yar fari. Ban taɓa kiran sunanki ba, ban taɓa rungumar ki a gaban mutane ba, ina yaye ki kakarki ta ɗauke ki. Haka muka tarar ana yi. Kin ɗauka ba na son ki ne? Wallahi ranar da aka kai ki ɗakin miji, madafa na shiga na yi kukana, na ce hayaƙi ne. Ga ni yau rungume da jininki a tsakar gida, kowa yana kallo, kunyar ban san inda ta shiga ba. Bari in kira ki ko sau ɗaya: Bilkisu. Ina son ki, Bilkisu.

Wani lokaci numfashinta yakan ɗauke, sai in murza tafin ƙafarta yadda aka koya min, ya dawo. Jiya ya daɗe bai dawo ba. Sai da na ce a raina, uwarta ce take kiranta. Astagfirullahi, na san rai na Allah ne. Amma ina roƙonki, in kewarta kike yi, ki yi haƙuri. Ki bar min ita.

Allah Ya kai haske kabarinki. Sai mun zo.

Taki,
wadda kika tashi kina kira Yaya.