Jitar da ta sa jirgi ya bar ni

Landan, 3 ga Yuni, 1987

Kawu Ɗanmaliki,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya Goggo Yelwa da mutanen Rogo? An shuka gyaɗa? Ni lafiya lau, sai kaɗaici, shi ma da sauƙi.

Kawu, jiya a tashar jirgin ƙasa na tarar da wani Bature yana kaɗa jita mai lantarki. Ya ja tsirkiya ɗaya, ta yi ta kuka kamar mutum. Tsigar jikina ta tashi, jirgina ya tafi ina tsaye ina hawaye. Ya ce, "Kai ma makaɗi ne?" Na ce, "A'a, kawuna dai."

Ka yafe mini dariyar da na riƙa yi wa garayarka. Don Allah ka aiko mini da kiɗanka a kaset.

Ɗanka,
Lukumanu